Na Ari Sunan Mamaci

Yara, ni mai gashin burodi ne a unguwar Harra ta Gabas, kuma kafin abin nan ya faru ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Daga Cadi na zo Madina. Wutar tanderu ta taɓa cin hannuna na dama tun daga wuyan hannu har gwiwa, tabon yana nan har yau.

Da ƙaramin abu na fara. Ɗan garinmu zai gyara takardar zama, a ce ana son mai shaida, in ce na san shi alhali ban taɓa ganinsa ba. Ina ganin taimako ne.

Wata rana wani dillalin takardu mai suna Hassanu ya tsaya sayen burodi, ya ƙura wa hannuna ido.

"Ya shaikh, wannan tabon zai kai ka Turai," in ji shi.

Ya ce wata kotun duniya tana shari'ar wani mutum a kan ƙona wani ƙauye, ana neman wanda ya tsira. Ya ba ni sunan wani saurayi, Idrisa, wanda ya ɓace ranar gobarar, ya ce in je a matsayinsa. Wata biyu ina haddace sunan uwarsa, da rijiyarsu, da launin ƙofarsu. Kwaɗayi ya rufe mini ido, wallahi ko ɗar ban ji ba.

Da aka kai ni kotun, aka sa ni bayan labule, aka sauya muryata da na'ura. Na rantse, na ɗaga hannu na nuna wa alƙalai tabon tanderu, na ce wuta ce ta ƙauyenmu. Muryar da na ji tana fita ba tawa ba ce, kamar mai magana daga cikin rijiya. Amma na ci gaba.

Na dawo Madina ina jiran takardun zaman Turai da Hassanu ya yi mini alkawari. Tun daga nan, in na bi ta gonakin dabinon Ƙuba da la'asar, sai in ji an kira "Idrisa" a hankali. In waiwaya, babu kowa.

Ashe masu bincike sun je sansanin gudun hijira sun gaya wa uwarsa ɗanta yana raye, yana gashin burodi a Madina. Tsohuwar ta biyo ayarin Umara. Da tsakar rana na ɗago daga tanderu na gan ta a ƙofa, idanunta sun yi fari fat da yana.

"An ce Idrisa yana nan," ta ce.

Ta lalubo hannuna, yatsunta sanyi ƙalau a wannan zafi, ta shafa tabon, ta shafa fuskata.

"Yi magana, ɗan nan."

"Sannu, Inna," na ce.

Ta janye hannunta. "Ba shi ba ne. Amma tunda an ce ka san launin ƙofarmu, ka san inda ya kwanta. Nuna mini kabarinsa in yi masa addu'a."

Innalillahi! Me zan nuna mata? Ranar na kai kaina ofishin 'yan sanda, na faɗi gaskiya. Aka jefar da shaidata, aka ɗaure ni.

Da na fito na nemi tsohuwar in roƙi gafara, aka ce ta rasu tun ina ciki. Na tuba, ina roƙon Allah kullum. Ku kuwa, kada ku ce kun ga abin da ba ku gani ba, ko a kan takardar zama ce. Ni har yau in aka kira Idrisa a kasuwa, sai na waiwaya.