Ni kaɗai na rage a layin masu aikin wuya

Lokacin da na buɗe shago a Matameye, layinmu na bayan tasha cike yake da masu aikin wuyan riga. Tun safe kekunan ɗinki ke kuka, kowa na leƙen aikin kowa. In maƙwabcina ya fito da sabon zane, kafin Juma'a na ƙara masa reshe na mai da shi nawa, shi kuma ya yi dariya ya ƙirƙiro wani. Allura in ta karye, hannu kawai za ka miƙa ta taga. Mutanen Kurni da Tsauni layin suke nufowa, ba shagon wani ba.

Sai aka fara tafiya cin rani Kano, masu dawowa suna raguwa. Maƙwabcin nawa, wanda ya girme ni, shi ya tashi a ƙarshe. Yana ɗaure kekensa a mota ya ce, "Ka zo mu tafi. Can zare a bakin ƙofa yake, mai gyara ma haka."

Na ce, "Yaya, mahaifiyata na kwance. Kuma in kun tafi, ai aikin garin nan nawa ne."

Ya ja igiya ya ƙulle.

Da farko aikin ya zo. Daga nan mai sayar da zare ya rufe, don mutum ɗaya ba ya riƙe kanti. Makanisiye, mai gyara mana kekuna, ya koma Damagaram. Keke in ya lalace sai in ɗauki kan keken in bi makanisiyen can, shaddar mutane na jira. Abin da ya fi ci mini rai, hannuna ya tsaya. Tsoffin zanena nake ta maimaitawa, ban ma sani ba.

Gab da wata Sallah, wata Hajiya ta kawo shaddar maigidanta, ta nuna mini hoton riga a waya.

"Za ka iya wannan?"

Na daɗe ina kallo, na kasa gane ta inda zaren ya juya. Na ce, "Hajiya, sai dai in gwada."

Ta ninke shaddarta a hankali, ta ce bari ta ba direba ya kai Kano.

Mahaifiyata ta rasu, amma yanzu idona ya yi rauni, ba wanda zai ɗauke ni aiki a Kano. Ina buɗe shagon kullum. Yawanci faci nake yi, da rigunan makaranta na ƴan lakwal.