Falankin Mai Rufi

Shekara talatin da 'yan kai Mai Rufi ya yi yana hawa saman gidajen mutane, guduma a ƙugu, ƙusoshi a baki, fensir a bayan kunne. Kafinta ne, amma bai taɓa son aikin kujera da gado ba, wai aikin masu tsoron sama ne. Ranar da jiri ya ɗebe shi a kan tsani, babbar 'yarsa ta kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, ya kuma hana shi hawa sama sai jinin ya sauka ya zauna.

Wata biyu yana zaune ƙofar shago yana kallon wasu na buga kwano a karkace. Magani kuwa, sai kansa ya fara sarawa yake sha, in ya lafa ya ajiye. Duk komawa asibiti jinin na sama. 'Yar ta soma maganar a sayar da tsanin, matarsa na gyaɗa kai.

Wata rana a asibiti, wata nas ce ta jawo kujera ta zauna da shi. Ta bar shi ya gama ƙorafinsa tukuna, sannan ta gaya masa wannan ciwo ba ya sallama, yana iya yin ɓarna kai na lafiya ƙalau, don haka kullum ake shan magani. Da ta nuna masa na'urar awo ta gida, sai ya ture ta.

"'Yata, ni ban yi boko ba."

"Baba, tef ɗin da ke aljihunka, wa ke karanta maka shi?"

Lamba biyu ce kawai, in ji ta, babba a sama, ƙarama a ƙasa. Ta sa ya ɗaura na'urar a hannu da kansa har sau uku.

'Yar ta sayo na'urar, ta haɗa masa da littafi. Littafin bai kwana biyu ba ya ɓata. Sai ya ɗauko guntun falanki ya goge shi sumul, ya ja layi. Safe da yamma zai zauna ya huta, ya jingina baya, ya auna, ya rubuta kamar yadda yake rubuta tsawo da faɗi. Matarsa ta ce ashe likita ta aura ba ta sani ba. Ya ce ta dai rage gishiri, likitan ya yi magana. Da ta rage, ya ce abincin ya koma garin katako, amma ya cinye.

Falankin ne ya tona asirin mai abincin bakin shago. Duk ranar da ya ci a wurinta, lambar yamma sai ta ɗaga. Ya koma zuwa da kwanonsa daga gida.

Bayan sati shida ya saɓa falankin ya nufi asibiti. A layi wani ya tambaye shi ko benci ya zo gyarawa. Da aka auna, jinin ya ɗan hau, fuskar 'yar ta canza. Shi ko a jikinsa. Ya ɗora falankin a teburin likita.

"Likita, awo ɗaya ba a yanka katako da shi. Ga tamanin da huɗu nan."

Likita ya bi layin da yatsa har ƙasa, ya tambaye shi ko yana jin jiri, Mai Rufi ya ce babu. Likitan ya yarda ya koma aiki, amma ya fara da ƙananan gidaje, ban da tsakar rana, ban da fashin magani, kuma duk wata ya dawo da katakonsa.

Washegari ya fito da tsanin ya kakkaɓe ƙura. Kafin ya tafi ya haɗiye ƙwayarsa, ya zauna ya auna. Fuskar falankin ta cika, sai ya juya bayansa ya ja sabon layi.