Yaya Nafi'u da Iskar Bahar Maliya

Da safen nan ina tsaye a layin burodi a unguwar Darrasa, nan Alƙahira, aka kira ni a waya: Yaya Nafi'u ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na baro layin ban sayi komai ba.

Matarsa, Anti Rabi, ta ce ciwon zuciya ne na 'yan kwanaki, kuma ya cika da kalmar shahada. Tun ɗazu nake rubutu ina gogewa, don abin da ke raina ba baƙin ciki ba ne kaɗai, har da alfahari. Mutumin nan ya yi nasara, ni kuma shaida ne.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bagumale ne. Ya tashi bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, amma Allah ya ajiye abincinsa a teku. Ilimin yanayi ya karanta, yana aiki a wani ofis a unguwar Ma'adi inda ake gaya wa jiragen ruwa yadda iska da igiyar ruwa za su kasance. Sarkin Ruwan Gumel muke ce masa. Ko iyo bai iya ba.

Sanyina na farko a Alƙahira, ya gan ni a masallaci da 'yar shara ina kaɗuwa. Bayan sallah ya cire jaket ɗinsa ya ɗora mini, ya ce dama ta matse shi. Ƙarya yake yi, ni ne ma ta yi wa yawa.

Shi ya raka ni Wustul Balad, tsakiyar birni, sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya wuni a layi kamar shi ne mai buƙata.

Duk wanda ke da lambarsa ya san text ɗinsa: ku kwashe shanya daga baranda kafin la'asar, ruwa na tafe. Wanda ya ƙi ji, ya sake wanki.

Amma abin da nake so ku ji shi ne abin da ya yi wa mahaifina a sanyin bana.

Baba ya zo nan neman maganin ciwon ƙirji. Da ya ji sauƙi sai ya kafe a kan abu guda: yana so ya ga Ɗakin Allah da idonsa, bai taɓa zuwa ba, ga tsufa ya zo. Mu ɗalibai ta ruwa muke zuwa umara don ya fi mana sauƙi. Bas ta kai mu tashar Safaga, jirgi ya tsallakar da mu Bahar Maliya. Na sa sunan Baba a ayarinmu. Likita ya yarda, da sharaɗin kada sanyi ya buge shi, kada ya wahala a hanya. Biza ta fito, kwanakinta ƙidayayyu, har ta fara ci.

Ana gobe tafiya aka yi ruwa a Alƙahira, da iska da komai. Washegari gari ya waye tas, sama shuɗi, ko ƙyallin gajimare babu. Muka yi hamdala muka fara sauko da jakunkuna.

Sai ga Yaya Nafi'u ya faɗo shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu, da kayan ofis, yana haki, laptop a hammata. Ya ce kada Baba ya tafi yau.

Muka leƙa taga muka dube shi. Mu 'yan tudu hadari ɗaya muka sani: ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi, a zuba ruwa, a ɗauke, shi ke nan kowa ya kama harkarsa. A wurinmu in sama ta washe, magana ta ƙare.

Ya ce a teku ba haka ba ne. Abin da ya wuce mu jiya, a ofis cold front suke ce masa, shi kuwa goshin sanyi ya raɗa masa. Iska ce mai sanyi da nauyi take tasowa daga Turai, ta tsallako Bahar Rum, tana ture ɗumin da ta tarar. Ruwan da muka gani goshin ne kawai, gangar jikin tana baya. Ita ce ke share sama ta bar ta tas, kuma ita ce ke juyar da iska ta koma busowa daga arewa da ƙarfi. Bahar Maliya kuwa doguwa ce siririya, duwatsu dama da hagu, iska na shiga ta kamar ta samu lungu. Tana tafiya tana tara igiya, har can kudu wajen Sudan inda ba a san rigar sanyi ba. Ya ce mai yiwuwa ma a rufe tashar, mu kwana a fili da tsoho mai ciwon ƙirji.

Amirin ayarinmu, Ustaz Lawi, bai ji daɗi ba. Ya gyara zama ya ce, "Injiniya, a yi hattara. Gobe ta Allah ce, gaibu ba a leƙa shi a laptop."

Yaya Nafi'u ya yi murmushi. "Ustaz, ban leƙa gaibu ba. In na ga mota ta bar Kano ta kama hanyar Zariya, na ce ku jira ta a Kwangila, bokanci na yi? Iskar nan ta riga ta taso, ganinta nake yi. Tsayar da ita kuwa sai mai ita."

An yi ta jawo hujjoji, kun san mu da mujadala. Daga ƙarshe Ustaz ya ce khalas, magana ta ƙare, wanda zai tafi ya shiga bas. Mafi yawa suka shiga.

Na tambayi Yaya Nafi'u har yaushe za mu jira. Ya ce irin wannan iska takan yi kwana biyu ko uku tana ƙarfi, sannan ta faɗi, amma akwai wata a bayanta. Tsakaninsu za mu bi. Na ce in biza ta ƙare fa? Ya ce ba zai yi mini alƙawarin abin da ba nasa ba, amma ido ba zai ɗauke a kai ba.

Na riƙe Baba. Ya ji haushi ƙwarai. Ya zauna a bakin gado da haraminsa a cinya, ya ce yaron nan ya shiga tsakaninsa da Ɗakin Allah da rana tsaka, sama tas. Abinci ma sai da lallashi. Ni kaina tsoro ya cika ni, don in tafiyar nan ta rushe, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Kullum sai Yaya Nafi'u ya biyo jirgin metro daga Ma'adi bayan an tashi aiki, da kular faten da Anti Rabi ta yi wa Baba. Ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa da ƙyar, shi kuwa ko a jikinsa.

Ran nan ya ce iska ta fara faɗuwa. Na miƙe zan ɗauko jaka, ya ce in zauna. Iska takan kwanta ta bar teku yana huci, sai an ƙara masa wuni.

Washegari da hantsi ya kira. "Yalla, Mansur. Yau ne. Ku kama hanya, ta bayan tana tafe."

Da muka isa Safaga, wa za mu gani? Ayarinmu. Tun ranar da suka iso aka tsayar da jirage saboda iska. A bas suke kwana, leɓɓa sun tsage, rabinsu na tari, Ustaz Lawi ya naɗe da haraminsa biyu kamar jariri. Da ya hango mu ya fashe da dariya, ya ce in kira masa Injiniya ya ba shi haƙuri da bakinsa. Ya kuwa ba shi, a gaban kowa.

Baba ya daɗe yana kallonsu. Sai ya kama hannuna ya riƙe.

Jirgi guda muka shiga gaba ɗaya. Teku ya kwanta luf, Baba har shayi ya sha a saman jirgi yana kallon ruwa. Ya yi umararsa da ƙafarsa, ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi, ko tari bai yi ba. Allahu Akbar.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Yaya Nafi'u bayan mun dawo ne. Kafin Baba ya koma gida ya ce sai an kai shi Ma'adi. Shi ya rungumi jarkar zamzam da kansa a metro, ya hana ni taɓawa. Da Yaya Nafi'u zai durƙusa, Baba ya tare shi ya zaunar da shi kusa da shi.

"Ɗan nan, na ambace ka a gaban Ɗaki."

"Da sunana, Baba?"

"Da sunanka, da na mahaifinka. Sai da na tambayi Mansur."

Yaya Nafi'u ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa.

Ɗazu na kira Baba na faɗa masa. Ya ce, "Ni ake ta lallaɓawa, ashe shi ne mai tafiya. Ya kai ni inda nake so. Allah ya kai shi inda ya fi nan."

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Nafi'u, ka yalwata masa kabarinsa, ka tsallakar da shi siraɗi lafiya, ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa. Ka ba Anti Rabi da yara haƙuri, ka zama gatansu.

Za a yi masa sallah bayan azahar. Wanda ke kusa ya zo. Wanda ke nesa, don Allah kada ka wuce post ɗin nan sai ka yi masa addu'a, ka kuma kira sunansa.