Zomon da Baba Ya Bi Cikin Ƙaya

Har yau kabad ɗin Baba warin man bindiga yake yi. In na buɗe shi sai in tuna kaka, lokacin da ganyen garin nan ke yin ja.

A unguwar Tremont na tashi, a ƙasar waje. Baba direban tasi ne, amma jikan maharba ne, kuma da yake bai haifi namiji ba, ni yake ɗauka. Mukan bar gari mu yi arewa, zuwa dajin da aka yarda a yi farauta. Bindigar ƙarama ce, harsashinta bai kai ɗan yatsana ba, ƙararta kamar an karya busasshen kara. Zomo da kurege kawai muke nema. Ba ya harbi sai ya ga kai sosai, ba ya harbin abin da ba za mu ci ba.

Wata rana wani zomo ya zabura daidai lokacin da ya harba, harsashin ya same shi a cinya, ya ja jiki ya shige ƙaya. Sanyi ya ishe ni, na ce mu tafi, ai akwai wasu. Baba ya ajiye bindigar ya ce, "Uwata, wanda ka ji wa ciwo ba ka juya masa baya." Da rarrafe ya shiga. Ya fito hannuwansa duk jini, ya yi bisimilla ya yanka zomon, muka koma gida da shi kaɗai.

Bara, bayan la'asar, mota ta buge Baba a kusa da masallaci. Waɗanda suka gani sun ce direban ya fito, ya dube shi yana numfashi, ya koma motarsa ya tafi. Baba bai tashi ba, ya rasu. An kama direban, an ba da belinsa. Na san layin da yake zaune.

Kawu ya lura ina yawan buɗe kabad ɗin. Ya zo ya zauna, bai yi mini wa'azi ba, ya miƙo hannu kawai. Na daɗe kafin na ba shi bindigar. Kada ku ɗauka na huce. Baba bai taɓa auna ta da fushi ba, ba zan fara ba.

Yanzu kaka ta zo ta wuce ban je daji ba. Kotu nake zuwa, ba na fashi, ina zama inda dole direban ya gan ni. Shi ya juya wa Baba baya. Ni ba zan juya masa ba.