Malam Inuwa da Gasar da Ba a Biyan Ko Kwabo

Duk wanda ya yi aiki tare da mu a masaƙar nan ta Bompai ya san marigayi Malam Inuwa Ɗan-sama-jannati ba ya cin ƙosai sai ya karanta takardar da aka naɗo shi. Zai tsaya a bakin get, ƙosai na hucewa a hannun hagu, ya ɗaga guntuwar jaridar da ta sha mai yana hasko ta da rana. Kalma ɗaya yake nema: gasa. In ya gan ta, sai ya laluba ko ana biyan kuɗin shiga. In ana biya, ya ce, "Waɗannan 'yan kasuwa ne," ya goge hannu da takardar. In kuwa kyauta ce, sai ya yi murmushi ya ce, "To, sun jawo wa kansu!"

Rubutu yake yi, amma fa ba irin wanda kuka saba ji ba. Shi labaransa na Kano ne bayan shekara ɗari, da injin da ya koyi magana, da mutanen da suka ƙaura sama. Ni Garba, da yake injina na kusa da nasa, ni Allah ya ɗora wa sauraro a lokacin hutun rana.

Ran nan ya karanta mini labarin majeman Challawa da suka gaji da ƙorafin wari, suka shiga tankar ruwa suka koma duniyar wata da jima.

Na ce, "Malam Inuwa, ta ina suka bi?"

Ya ce, "Ta hanyar Zariya mana."

"Wata a hanyar Zariya yake?"

"Kai Garba! Mutumin da bai taɓa wuce Kura ba ne zai gaya mini inda hanya ta ƙare?"

Na ce, "To in lokacin salla ya yi, ina za su fuskanta?"

Wallahi kwana uku bai kula ni ba. Na ɗauka fushi yake, ashe tunani ne. Rana ta huɗu ya kashe injinsa, ya tako har inda nake, ya yi mini ihu a kunne saboda ƙarar saƙa: "Ƙasa za su duba! Ai sun ma fi mu sauƙi!"

Maganar takarda kuwa, bai taɓa sayen littafin rubutu ba. Bayan takardun da ake liƙa wa dilar atamfa yake rubutu, waɗanda aka zubar. Kan sarki ma ya ce ba zai saya ba.

"Sun ce shiga kyauta ce. In na sayi kan sarki ai na ƙaryata su."

Don haka ya ba wani direban babbar mota, Tanko, labarin majeman nan ya kai masa wata gasa a Kaduna. Aka sauya wa Tanko hanya, ya yi Maiduguri, daga can ya faɗa Anaca. Bai dawo ba sai bayan wata huɗu, an rufe gasa, an ma raba kyaututtuka. Ya miƙo ambulan a yage yana sosa ƙeya.

"Malam, ka yi haƙuri, na karanta a hanya."

"Ka gane?"

"Ko kaɗan. Amma don Allah, tankar nan ta dawo kuwa? Ta wa ce ma?"

Mu muna jira ya yi faɗa, sai ya juyo yana washe baki: "Kun ji ko? Labarina ya je har Anaca, bai biya kuɗin mota ba!"

Akwai kuma wata gasar da ya tsinta a takardar da ta yage rabi. Abin da ya rage kawai, "aiko da rubutunka, shiga kyauta," sai lambar akwatin gidan waya. Ya aika musu labari mai shafi arba'in ta hannun wani masinja. Ashe wani kamfanin sabulu ne a Sharada ke neman kirarin talla na layi biyu! Suka rubuto cikin ladabi cewa sun karanta tun daga farko har ƙarshe ba su ga inda aka ambaci sabulu ba, amma ga sanda ɗaya don wahalarsa. Matarsa, Yaya Asabe, ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, yau dai rubutun nan ya shigo gida da abin hannu."

To, sai ga ta gaske ta zo: gasar ƙagaggun labarai, har da na al'ajabi da hasashen gaba, ba a biyan komai. Ya aika labarin injin saƙar da ya fara magana, kalmarsa ta farko kuma ƙorafi ce a kan foman. Bayan watanni wasiƙa ta iso: ya zo na uku, ana nemansa a Kaduna.

Fomanmu ya ce ba hutu, wanda ya tafi ya tafi ke nan. Ga Malam Inuwa da 'ya'ya shida, ga aiki ya fara wuya a gari. Muka yi ta ba shi baki. Ya ce, "Shekara tara ina kiran mutanen nan, yau sun amsa, in ce ina saƙa?" Da ƙyar wasu abokan aiki biyu suka yarda suka karɓe mana aikin ranar, ni ma na bi shi.

A zauren taro wani malamin jami'a ya miƙe yana yabon labarin. Ya ce marubucin ya yi gwaninta, ya fara da mutuwar injin, ya koma ƙuruciyarsa, ya sa foman ya ba da amsa tun kafin a tambaye shi, don ya nuna lokaci ba shi da gaba ba shi da baya. Na dubi Malam Inuwa, na ga bakinsa a buɗe. Ashe bai sa wa takardun lamba ba, sun cakuɗe a hanya, alƙalai suka karanta yadda suka same su!

Aka ba shi rediyo da takardar yabo. A hanyar dawowa, da muka wuce Zariya, ya juyo ya dube ni.

"Garba, ka gane abin da mutumin nan ya ce?"

"A'a."

"Ni ma haka. Amma fa nasa ya fi nawa daɗi."

Da muka koma, foman ya kira shi ofis. Muka ce shi ke nan, an kore shi. Ya fito yana gyara hula. Wai tambayarsa ya yi, "Foman ɗin cikin labarin nan, ni ne?" Shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan sai nan da shekara ɗari za a haife shi. Sai dai ko jikanka ne."

Muna dariya yanzu, amma akwai abin da ba na mantawa. Shekarar da aka rage ma'aikata, sunana na cikin na farko. Na shige ɗaki a Dakata, kunya ta hana ni fita. Abokai suka ɗauke ƙafa, ban ga laifinsu ba. Malam Inuwa kaɗai ne yake tasowa daga aiki ya tako da ƙafa har ƙofata, ya zauna a tabarma, bai taɓa ce mini "yi haƙuri" ba, sai dai ya yi ta surutu har ya ga na ci abinci. Haka ya yi har na sami wani aikin.

Allah ya jiƙan Malam Inuwa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.