Shekarar da aka soke sakamakon ɗan farina

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ina da rumfar kafinta a Ƙofar Sauri. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai yanzu da furfura ta fara leƙo mini nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, ina zama a benci irin wanda na yi shekara da shekaru ina ƙera wa 'ya'yan mutane. Saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya yi mini uzuri. Hannun ya fi sabawa da guduma.

A shekarun nan ne ɗana na fari ya kai ajin ƙarshe a sakandaren gwamnati. Makarantar ba abin a zo a gani ba ce. Tagogi babu marafai, rabin yara a ƙasa suke zama, malamai kuma yau suna aji gobe suna yajin aiki. Amma yaron yana da kai. Ban san haka daga takarda ba, tunda ba na karanta ta. Na sani ne saboda kullum da yamma samarin unguwa sai su cika mana zaure, shi yana tsaye da gawayi yana yi musu lissafi a bango. Mahaifiyarsa ta yi ta faɗan bangon har ta gaji ta bari.

Yaran yanzu za su yi dariya, amma a gidanmu ɗan fari ba na ubansa ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka sa baki a sha'aninsa. Kunya ce da muka gada. Tun ranar suna aka ce yaron na yayana ne. Shi ya sa shi makaranta, shi yake ɗinka masa kayan sallah, shi yake tsawata masa. Ni in zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi maganarsa in ce "yaron nan". Haka mahaifinmu ya yi wa yayana, ba wanda ya ga aibu a ciki.

Yayana kayan gini yake sayarwa. Da siyasa ta dawo ya bi wani ɗan takara, Allah ya sa mutumin ya ci, sai ga kwangila. Ya je Makka ya dawo, ya sayi mota, ya fara zama da mutanen da 'ya'yansu ke makarantun kuɗi. Wata rana da hantsi ya tsaya a bakin rumfata, bai ma kashe motar ba.

"Sarkin ƙusa, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyalin?"

"Lafiya lau, Yaya. An tashi lafiya? Ya hidima da jama'a?"

"Da godiya. Yaron nan nawa zan cire shi daga waccan makarantar awakin."

Na ajiye zarto. Na ce, "Yaya, ai saura kaɗan ya gama."

"Shi ya sa. Jarrabawar ƙarshe ita ce magana, sauran duk shan rana ne. Akwai wata makaranta a sabuwar unguwa, ko jaki ka kai sai ya fito da kiredit tara."

"Kiredit ɗin shi ne me?"

"Shi ne abin da jami'a ke tambaya. Ba ta tambayar ko kana da kai, takarda take dubawa. Kai dai ci gaba da feƙe katakonka, wanga ba fagenka ba ne."

Ya ja mota ya tafi. Gaskiya a ranar har wani daɗi na ji. Na ce a raina, ɗan kafinta a makarantar kuɗi, wa ya ga irin wannan?

Ba a jima ba malamin lissafin yaron ya zo rumfata a kan keke, da wata kujera mai karyayyiyar ƙafa ɗaure a baya. Kujerar dalili ce kawai. Bayan mun gaisa, ya zauna a kan tarin katako ya ce, "Malam, na ji za ku cire yaronku. Don Allah kada ku yi. Yaron nan zai ci da hannunshi, ba ya buƙatar taimakon kowa. Waccan makarantar kowa ya san yadda ake cin jarrabawa a cikinta."

Na ce, "Malam, ai ba ni da ta cewa. Ɗan yayana ne."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Na san ko ɗan wane ne. Kunnuwanku iri ɗaya."

Maganar ta tsaya mini a rai. Tunda ba zan iya tunkarar yayana da zancen ɗan fari ba, sai na bi hanyar da aka saba, na aiki abokina mai fenti, wanda rumfarsa ke jikin tawa. Ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Alhaji ya ce in gaya maka, malamin da ko albashi ba a biya shi ba, shi zai koya mishi abin da ya dace da ɗanshi? Ya ce hassada ce, suna tsoron a kwashe musu yara masu ƙoƙari a bar su da ɓawo."

Bayan haka yaron da kansa ya zo rumfar, abin da bai taɓa yi ba sai an aiko shi. Dattawan da ke zaman hira a wurina suna nan. Ya durƙusa can nesa, ya gaishe su, sannan ya ce, "Baba, ina da magana."

Ban ɗago ba, na ci gaba da goge katako.

"Baba, zan iya da kaina. A bar ni inda nake."

Na ce, "Je ka gaya wa babanka."

"Na gaya mishi. Ya ce in rufe baki."

Dattawa suka zuba mini ido suna jiran abin da zan ce. Na ce, "To ka ji abin da ya ce."

Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi ya kaɗe gwiwa ya tafi. Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara zama ya ce, "Haka ake yi. Wanga shi ne ɗan mutanen kirki, ya san kunya." Duk suka sa mini albarka. Ban taɓa shan yabo a rana ɗaya irin na ranar ba.

Aka mai da yaron makarantar kuɗi. Gidan haya ne aka fasa bangon ɗakuna aka shafa fenti mai haske, aka sa mai gadi da kaki a ƙofa. Na san cikinta ne saboda yayana ya samo mini aikin ƙofofi a wurin. Ranar da na je ɗaura ƙofar wani ɗaki ta dace da ranar jarrabawa. Na wuce ta gaban ofishin mai makaranta, na hango mutumin da aka turo sa ido a zaune, an ajiye masa gasasshiyar kaza da lemo. Na leƙa babban ajin. Wani malami yana tsaye yana cika allo da rubutu, yara kuma kai sama kai ƙasa, kai sama kai ƙasa, kamar kaji na shan ruwa. Ni da ban iya karatu ba, na san ba haka ake jarrabawa ba.

Can a bencin baya na ga nawa. Ya kifa kai a kan takarda, ya kare gefen fuskarsa da hannu ɗaya, bai dubi allon ba ko sau ɗaya a tsayuwar da na yi. Daga baya mahaifiyarsa ta ba ni labari cewa mai makarantar har faɗa ya yi masa. Wai, "Kai ne mai wayo? An biya maka a taimake ka, kana nuna ka fi kowa."

Ashe a wata ranar daban, wasu jami'ai sun faɗo makarantar ba sanarwa, sun tarar da allo cike. Mu ba mu ji ba sai da sakamako ya fito.

Na makarantar gwamnati ya fito. Ba wani abin kirki ba ne, wasu sun samu, wasu sun faɗi. Amma cikin samarin da ke cika mana zaure akwai waɗanda suka samu abin da ake nema, ɗaya ma ya wuce jami'a. Na makarantar kuɗi kuwa aka ce an riƙe shi gaba ɗaya.

Yayana ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, za a saki. Na san mutane."

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Kullum sai a ce mako mai zuwa. Daga ƙarshe aka ce an soke. Yaron ya je ofishin masu jarrabawa da ƙafarsa, ya roƙi a duba takardarsa ita kaɗai, a gwada ta da ta sauran, za a ga ba iri ɗaya ba ce. Aka ce masa duk wanda ya zauna a ɗakin nan hukuncinsu ɗaya. Mai makarantar kuwa ya sake launin fenti, ya sake wa makarantar suna, shekara na zagayowa iyaye suka sake yin layi a ƙofarsa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Jarrabawa ana sake ta. Abin da ya karya yaron bakin unguwa ne. Mutanen da 'ya'yansu suka koyi lissafi a bangon zaurenmu su ne suka fara cewa, "Ashe duk ƙoƙarin nan satar amsa ce." Yara ƙanana suna ganinsa su ce, "Ga mai kwafe." Ya daina zama a zaure. Ya daina bi ta layin da malamin lissafinsa yake.

Yayana ya ce ya samo wata makarantar, wai waɗannan sun fi sanin hannu, ba a taɓa kama su ba. Yaron ya ce ba zai je ba. Yayana ya ce to ba ruwansa. Ni kuma na aika ta bakin mahaifiyarsa cewa zan sayar da injin gogar katakona ya sake zama jarrabawar a matsayin ɗan waje, ba ta hannun wata makaranta ba, shi kaɗai, da hannunsa. Ta dawo mini da amsa tana share ido da bakin zane.

"Ya ce in ce maka ka bar injinka. Ya ce ko ya ci, cewa za a yi saye ya yi."

Ya je ya koyi gyaran janareto. Yau yana da rumfarsa a Ƙofar Durbi, yana ciyar da iyalinsa, ba ya roƙon kowa. Alhamdu lillahi. Amma wanda ya wuce jami'ar nan, in ya zo gari da motar ofis, wurinsa yake kawo gyara, yana kiransa "malamina" yana dariya. Na taɓa zama a wurin na ji. Ɗana ya yi dariya shi ma, ya ci gaba da kwance ƙusa.

Ranar sunan 'yarsa ta fari, zaure ya cika bayan an shafa fatiha. Wani baƙo ya tambayi yayana ko yaron ya yi nisa a boko. Yayana ya gyara babbar riga ya ce, "Na yi iya ƙoƙarina. Har makarantar kuɗi na kai shi, ta fi ƙarfin kanshi. Wanda ya saba zaman ƙasa, ko ka ɗora shi a kujera sai ya sulluɓo."

Ɗana yana tsaye da faifan goro a hannu. Ya ji. Ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Baba Alhaji, ga goro."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, ba haka aka yi ba."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, a gaban ɗan farinka?" Yayana ya tashi ya sa takalmi. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, sai da rashin lafiyar mahaifiyarmu ta haɗa mu muka shirya. Ni aka ba laifi, ni na je na ba da haƙuri. Ban damu ba, haƙuri ba baƙona ba ne. Abin da ke damuna shi ne maganar ba ta amfani kowa ba. Ta zo a lokacin da babu sauran abin da za ta gyara.

Ina jin masu ilimi a rediyo suna cewa sakamakon jarrabawa ba shi ne mutum ba, abin da ke kai shi ne magana. Na lura duk masu faɗin haka suna da nasu sakamakon a ajiye a gida. A ƙasar nan na ga mai kai ba takarda, na ga mai takarda ba kai, kuma na ga wanda aka buɗe wa ƙofa a cikinsu. Ba na cewa duk makarantar kuɗi haka take, akwai masu tsoron Allah. Ba na kuma yabon ta gwamnati, da an gyara ta da yayana bai samu bakin kiranta ta awaki ba. Amma a waccan makarantar marar tagogi akwai mutumin da ya hau keke cikin rana ya zo ya gaya mini gaskiya kyauta, kuma a wannan makarantar mai fenti an karɓi kuɗi an ɓata wa yaro suna.

'Yar da aka yi wa sunan ta isa shiga makaranta bara. Na yi ta jira ɗana ya zo ya nemi shawara, har na tanadi abin da zan ce masa. Sai kawai wata safiya na gan ta a bayan babur ɗinsa da kayan makaranta. Shi ya zaɓa, shi ya kai ta da kansa. Bai tambayi yayana ba. Ni ma bai tambaye ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.