Ƙasar Tsakar Gida

A gidanmu na Gummi, tatsuniya ba ta farawa sai an sauke tuwo. Kakata Hajo takan jawo tabarma kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuwa mu yi mata zobe. Ni ce mai yawan tambaya, shi ya sa take ce mini Alƙaliya.

Akwai tatsuniya guda da ban taɓa so ba. Wani gari ne ruwa ya ƙafe musu. Wata mata, saboda sharar da take yi kullum, ta lura tururuwa na fito da ɗanyar ƙasa a bayan ɗakinta. Ta je ta gaya wa masu haƙar rijiya. Suka ce me mace ta sani a rijiya ban da guga? Suka haƙa ramuka bakwai a bayan gari, ko ɗigo babu.

"Sai me, Kaka?"

"Sai gari yaw watse, Alƙaliya. Mi kika so in ce miki?"

"Ba su koma wurinta ba?"

"Wa za shi komawa? Ci gyaɗakki."

A ranar nan, da fushi na kwanta.

Na girma, na karanta kimiyyar ƙasa, na samu aiki a wani ɗakin gwaji mai auna gubar dalma a ƙauyukan masu zinariya. Ni kaɗai ce mace. Da za a je ɗebo ƙasa wajen Bukkuyum, na roƙi shugabanmu ya sa ni. Na ce masa a tsakar gida mata ke daka dutsen zinariyar, yara na wasa a gindin turmi, kuma baƙo namiji ba ya wuce zaure.

Ya ce, "Malama, tafiyar babur ce, ba ta mata ba. Ki zauna ki riƙa liƙa wa kwalabe suna."

Abokan aikina suka tafi, suka ɗebo ƙasar ƙofar gida da ta bakin hanya, don nan ne iyakarsu. Sakamako ya fito, ya nuna gubar ba ta da yawa. Sau biyu ina rubuta takardar ƙorafi, sau biyu ana ce mini an gode.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka mantuwa ta yi da ƙarshen labarin. Yanzu na gane ƙarya ce ba ta so ta yi mana. Abin yana cina, wallahi. Ban san ko yaro ɗaya a gidajen nan ba, amma na san suna rarrafe, suna kai hannu baka. Rahoton da ya ce lafiya lau kuwa, ni aka ba na buga shi, wai hannuna ya fi sauri.